Muryar Dogo

Tun suna kwaleji ake kiranta Barkono, kuma shekaru ba su rage mata yaji ba ko kaɗan. Ta yi aure, ta haihu, ta aurar, mijinta ya rasu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yanzu idan ta ɗaga murya a gidan talabijin ɗin, hatta mai gadi sai ya gyara tsayuwa. Aikinta ɗora murya. Ana sayo wasannin kwaikwayo daga ƙasashen waje a fassara su, sannan ita da abokan aikinta su shiga wani ɗan ɗaki mai bangon soso su ara wa 'yan wasan baki, mai kallo ya ji suna magana da harshen gida.

Wasan da ya sa aka san ta na wasu abokai ne da suka haɗu a kwaleji, suka gama, rayuwa ta watsa su, ta sake tara su. A tsakiyarsu akwai mace da namiji, ita ta zama lauya, shi ya zama likita. Suna son juna, kowa ya sani, har kujerun ɗakin karatu sun sani, amma su biyun sun ƙi faɗa. Shekara da shekaru ana jan mutane da wannan abu ɗaya, mutane kuma ba su gaji ba. Duk yammar da za a nuna shi mata kan sauke girki da wuri, masu shago su juya talabijin ta fuskanci titi. Barkono ce muryar lauyar. Muryar likitan kuwa ta Dogo ce.

Dogo abokinta ne tun kwaleji, shi da Kunne, wanda yanzu ke zama bayan gilashi yana ɗaukar sauti. Su uku suka riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu, ita da Dogo a kan dandamali, Kunne a ƙarƙashin tebur yana harhaɗa wayoyin lasifika. A lokacin babu wanda bai ɗauka Barkono da Dogo za su yi aure ba. Ba su yi ba. Ita ta jira ya fara magana, shi kuma, da yake bai taɓa samun wurin sa baki ba idan tana wuri, ya yi ta jira ta numfasa. Kafin ta numfasa wani ya riga shi. Daga baya shi ma ya auri wata tela mai haƙuri da yawan dariya. Abin da ke tsakaninsa da Barkono bai mutu ba, bai kuma zama abin jin kunya ba. Tana sonsa, wannan gaskiya ne, irin son da ba ya neman komai sai dai mutum ya kasance yana nan lafiya.

Matar Dogo ma ta mayar da abin na wasa. "Yaya, ki ji min mutumin nan," takan ce idan Barkono ta kai musu ziyara. "A gida ba ya wuce 'ina shayina', amma a talabijin sai ya bi ya narke miki. Ni dai a ba ni ko rabin jimla ɗaya in ɗanɗana."

Tsarin aikinsu daɗaɗɗe ne. Dogo ke fara shiga ya ɗauki nasa shi kaɗai, yana bin leɓen ɗan wasan a allo, ya bar mata gurabe. Ita sai ta zo daga baya ta sa abin kunne, tana jin muryarsa tana cike guraben. Haka suka yi soyayyar shekaru a kunnen jama'a ba tare da sun taɓa tsayawa gaban makirufo ɗaya ba. Ta san ɗan numfashin da yake ja kafin kalma mai nauyi. Ta san yadda yake sauke ƙarshen jimla a hankali, kamar mai ajiye kwano a ɗakin da jariri ke barci.

Da zangon ƙarshe na wasan ya iso, suka ɗauke shi duka in ban da kashi ɗaya. Masu sayar da wasan ba sa sakin kashin ƙarshe sai dab da lokacin nunawa, don kada labari ya fita. A tsakanin nan 'yar Barkono ta haifi bakwaini a wani gari mai nisa, aka sa jaririn a kwalba, ita ma mai jegon ba ta da lafiya. Barkono ta haɗa jaka ta tafi da niyyar mako biyu, ta share watanni. Ranar da za ta tafi Dogo yana ɗan fama da dishewar murya, ya ce sanyin na'urar ɗakin ce. Ta yi masa faɗa kan shan ruwan ƙanƙara ta wuce.

Daga baya ya daina kira, sai saƙo. Ya ce likita ya hana shi yawan magana. Ta amsa masa da cewa ai likitan ya makara, wanda bai taɓa yawan magana ba me za a hana shi. Sai wata safiya, tana zaune a bencin asibiti da filas a cinya, Kunne ya kira.

"Barkono, an yi wa Dogo tiyata."

"Tiyatar me?"

"Maƙogwaro. Ciwon daji ne. Sun cire wurin da murya ke fita, gaba ɗaya. Ya farfaɗo, yana samun sauƙi. Shi ya ce kada a gaya miki sai an gama, kina da naki a gabanki."

Bakinta ya kama abin da ya fi kusa. "Kashin ƙarshe fa?"

"Ya iso. Ya ɗauki nasa kafin a shiga da shi." Kunne ya yi jim kamar zai ƙara wani abu, amma ta riga ta rufe shi da faɗa kan ɓoye mata da suka yi, tana faɗan tana share hawaye da gefen mayafi.

Ranar da ta dawo ko gida ba ta biya ba, da jakarta ta sauka a gidan Dogo. Falon yana nan yadda ta san shi, keken ɗinki a bakin taga, ƙyallaye a ƙasa, tsohuwar kujerarsa da ta lotsa a tsakiya. Mutumin cikin kujerar ne ya canza. Ya rame har tsawonsa ya zama kamar ƙari, wuyansa naɗe da farin ƙyalle mai laushi. Ya buɗe baki don ya yi mata sannu da zuwa, bisa sabo, babu abin da ya fito sai iska. Ya yi murmushi ya ɗauki waya ya rubuta, ya juyo mata da ita: "Yanzu fili ya zama naki ke kaɗai."

Ta yi dariya don ya ji daɗi. Sannan ta yi ta zuba, labarin jariri, labarin ma'aikatan jinya masu baƙin rai, labarin direban da ya kusa zubar da su, ba ta bar ko kafar allura ba, domin duk sa'ad da ta tsaya shirun falon sai ya danne mata ƙirji. Da za ta tafi ta ce, "To ka gode Allah ka riga ka ɗauki naka. Jama'a za su ji likitansu har ƙarshe, da bakinka." Ya sunkuyar da kai yana wasa da wayar.

Washegari ta shiga gidan talabijin ta tarar da labari a bakin mai shara. Manaja ya kawo wani mutum mai yin tallace-tallace a rediyo, gwanin kwaikwayon murya, ya yi muryar likitan a kashin ƙarshe, kuma nasa za a watsa. Ba ta ko ajiye jaka ba ta hau bene.

Manaja ba mugu ba ne. Yana firamare aka fara wasan, uwarsa ma ba ta bari ko kashi ɗaya ya wuce ta. Ya miƙe da ya gan ta. "Anti, sannu da dawowa. Yaya mai jiki? Ki zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Mutum ya ba gidan nan maƙogwaronsa har sai da aka yanke shi, yana kwance ku ɗauko masa ɗan tallan sabulu? Ashe haka kuke?"

"Anti, kin saurari abin da Baba Dogo ya ɗauka?"

"Sai na saurara? Kana koyon ɗaura igiyar takalmi nake sauraron Dogo. Me zan ji wanda ban ji ba?"

"Ni dai da za ki fara ji tukuna..."

"Zan ji. Amma ga yadda za a yi." Ta dafa teburinsa. "A sa min su biyun, kada a gaya min wanne ne na wa. Wanda na nuna na ce shi ne Dogo, shi za a watsa. Kai da kake cewa babu mai ganewa, sai mu gani."

Manaja ya dubi Kunne, wanda ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Kunne ya kawar da kai. Manaja ya ga babu ta inda zai ɓullo, ya ce, "Na yarda, Anti. Wanda kika nuna."

A kan bene Kunne ya sha gabanta. "Barkono, tsaya ki ji. Ɗaukar nan ta Dogo, lokacin da ya yi ta..."

"Kul!" Ta ɗaga masa yatsa. "Kada ka gaya min komai. So kake gobe yaron nan ya ce an ba ni satar amsa? Ka riƙe bakinka, ka danna maɓallinka, shi ke nan aikinka."

Kunne ya daɗe da sanin cewa idan ta ɗauki hanya ba a tare ta. Ya bi ta da ido har ta sauka.

Da yamma ta koma gidan Dogo, cike da murna irin ta wanda ya riga ya ci shari'a. "Gobe ka shirya. Zan zo da mota in ɗauke ku, ka zauna ka ga yadda zan wanke maka su tas." Ta ba shi labarin yarjejeniyar. Keken ɗinki ya tsaya a bakin taga.

Dogo ya rubuta: "Ki bar shi kawai."

"Ka ji ka! Wannan sanyin naka ne ya sa kowa ke taka ka. Ba zan bari ba."

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya sake rubutu, a hankali: "Kin tabbata za ki gane?"

"Ni? Dogo, ko a tsakiyar kasuwa ka yi tari zan juyo. Wace irin tambaya ce wannan?"

Ya ajiye wayar a hannun kujera. Wani abu ya sassauta a fuskarsa, ya gyaɗa kai.

Da hantsi suka iso, Dogo cikin sabuwar riga mai karin guga, matarsa riƙe da jakar magunguna. Ma'aikata suka yi ta fitowa gaishe shi. Manaja na ganinsa fuskarsa ta sauya. Ya matso kusa da Barkono ya rage murya. "Anti, ban san da Baba za ki zo ba. Mu ɗaga abin nan zuwa wani lokaci."

"Tsoro ya kama ka ke nan?"

Manaja ya juya wajen Dogo yana neman ceto. Dogo ya yi masa alama da hannu, a ci gaba. Aka ba shi kujera a bayan Kunne, inda zai iya ganinta ta gilashi. Ita ta shiga ɗakin soso ta ja ƙofa, ta sa abin kunne, ta gyara makirufo zuwa tsayinta. Duk abin da ta faɗa a nan yana fita ta lasifikar ɗakin Kunne, ta sani, don haka ma ta gyara murya.

Allo ya kawo hoto. Likitan da lauyar, duk sun manyanta, suna zaune a matakalar tsohon ɗakin karatun kwalejinsu, ɗalibai na wucewa ta gefensu ba su san su ba. Wurin ne da jama'a suka yi shekaru suna jira.

"Ga na farko," in ji Kunne.

Murya ta shigo kunnenta a shaƙe, tana karce-karce, kamar ana jan tebur a kan siminti. "Na daɗe ina ɗauke da wata magana," in ji ta. Ta tsaya ta ja iska da ƙyar, leɓen ɗan wasan ya wuce ya bar ta a baya. "Ta tsufa a bakina, amma ba ta lalace ba. In kin ba ni wuri... yau zan sauke ta."

Barkono ta ji ɗan numfashin nan kafin "sauke". Ta ji yadda aka yi ƙoƙarin ajiye ƙarshen jimlar a hankali. Maimakon su faɗa mata wani abu, sai suka tunzura ta. Ta ɗauka ɗan tallan ne ya matse maƙoshi don ya yi kauri, har da kwashe wa Dogo ɗabi'unsa.

"Tsaya, tsaya, Kunne, kashe min wannan!" Ta yi dariya mai ƙarfi. "Wannan kuka kawo? Wannan ne gwanin naku? Har da satar numfashi, bawan Allah, amma muryar fa? Wannan ai ko akuya aka shaƙe ta fi shi daɗin ji. Wace mace ce za ta jira shekaru ta ji wannan ba ta tashi ta gudu ba?" Kuma da yake Allah ya yi ta gwanar kwaikwayo, ta matse wuya ta maimaita jimlar da irin karcewar, har da jan iskar, ba ta bar komai ba. "Ku ji tsoron Allah. Sa min na biyu."

Babu wanda ya motsa a bayan gilashi. Sai da ta sake magana Kunne ya danna.

Muryar da ta zo a cike take, da ɗumi, daidai kan leɓe, kowace kalma a mazauninta. Muryar da ta cika mata kunne tun suna kan dandamalin makaranta. Idonta ya kawo ruwa tun kafin jimlar ta kai ƙarshe. Ta nuna allo da yatsa tana rawar murya. "Wannan shi ne. Wannan ne Dogo. Manaja, ka ji da kunnenka, shi za a watsa."

Ta juya ga gilashi don ta karɓi murmushinsa. Kunne ya rufe fuska da tafin hannu. Manaja na kallon ƙasa. Matar Dogo ta ɗora hannu a bayan kujerar mijinta. Shi kuwa Dogo yana zaune a miƙe, hannayensa a kan gwiwa, yana kallonta babu fushi ko kaɗan.

Kunne ya danna maɓallin magana. "Na farkon ne, Barkono."

"Na farkon me?"

"Na farkon ne Dogo. Washegarin ɗaukar aka shiga da shi tiyata. Abin da ya rage masa ke nan. Yini guda muka yi a kai, jimla jimla, yana kurɓar ruwan ɗumi yana sakewa. Na ce ya haƙura, ya ce ba zai bar miki gurbi babu kowa a gefensa ba."

Ba ta san lokacin da ta cire abin kunnen ba. Ta fito ta tarar Dogo ya riga ya miƙe yana gyara ƙyallen wuyansa. Ta buɗe baki, sunansa kawai ya fito. Ya ɗaga mata hannu, ya ciro waya ya rubuta, ya nuna mata: "Na biyun ya fi. Ko ni shi zan zaɓa." Ya gyaɗa wa Manaja kai, ya dafa kafaɗar Kunne, ya fita a hankali yana bin bango.

Matarsa ta ɗan tsaya tana zuge jakar magunguna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɓata fuska ba. "Yaya, kada ki ɗora wa kanki da yawa. Shi ma ya san ɗaukar ba ta yi ba, tun ranar ya sani. Jiya dai da kika tafi ya rubuta min cewa kowa zai iya ɓata, amma ke za ki gane shi. Shi ya sa ya ce in goge masa rigar nan." Ta rataya jakar ta bi mijinta.

Barkono ta zauna a kujerar da ya tashi. Kunya ta taɓa kama ta a rayuwa, baƙin ciki ma ta san shi, amma ba ta taɓa jin su biyun sun haɗu sun zauna mata a wuri ɗaya haka ba. Ta yi kuka a gaban Manaja, yaron da take yi wa tsawa, shi kuma ya miƙo mata ruwa.

Ta roƙe shi a warware yarjejeniyar, a watsa na Dogo a yadda yake. Manaja ya ce shi ba shi da ja, in Baba ya yarda. Baba bai yarda ba. Ta je gidan ta same shi, ya karɓe ta kamar kullum, ya sa aka kawo mata shayi, ya tambayi jariri. Da ta ɗauko maganar ya girgiza kai. Ta nace, ta ce bakinta ne ya yi, ba kunnenta ba, ta ce ya zage ta ko a rubuce ne. Ya rubuta mata layi ɗaya: "Ba na so a tuna ni da ita." Daga nan ya kifa wayar a cinya, ita kuma ta gane ba fushi yake yi ba. Ya yarda da abin da ta faɗa ne, kuma babu yadda za ta yi ta cire masa shi daga kunne.

Saura tata ɗaukar. Ta shigo da rana tsaka, ba ta tsokani kowa a hanya ba. Kunne ya jera mata takardun fassara a kan ɗan teburin, ya tsaya yana juya biro a hannu.

"Akwai saƙo," ya ce. "Dogo ya ce in goge nasa. Gaba ɗaya, kada in bar ko kwafi."

"Kada ka kuskura, Kunne."

"Muryarsa ce, Barkono. Ba tawa ba ce, ba taki ba. Na yi masa alkawari. Na dai roƙe shi ya bari sai kin gama naki, ya yarda."

Ta daidaita takardun a gabanta. "To ka sa min nasa a kunne. Ku watsa wanda za ku watsa, amma ni shi zan amsa wa."

"Yana baya da leɓe, zai rikita ki."

"Ka sa min."

Jar fitila ta kama. Matakalar ɗakin karatu ta dawo allo, muryar ta shigo tana karcewa. A wannan karon ba ta ji komai a ciki ba sai Dogo, yana hawa kowace kalma da ƙyar yana ajiye mata ita. Ta ji inda ya haɗiye zafi ya ci gaba. Ta ji inda ya tsaya daidai, ya bar mata wurin shiga ba ƙari ba ragi. Da gurbinta ya zo, lauyar ta ce, "Ai na daɗe da ba ka wuri. Kai ne ba ka duba ba." Muryar Barkono ta fita daidai kan leɓe, da wata 'yar rawa da babu mai iya ƙirƙirarta.

Suka bi kashin har ƙarshe. Fitila ta mutu. Kunne ya share ido da bayan hannu ya danna maɓalli. "Ya yi. Ban taɓa jin kin yi kamar wannan ba. Mun gama."

"Ban ji daɗin wurin matakalar ba. Mu sake."

"Babu abin da ya same shi."

"Na ce mu sake."

Ya sake mata. Ta yi shi daidai kamar na farko, sannan ta ce takarda ta yi motsi, makirufo ya ɗauka. Ya sake. Ta ce ta yi saurin shiga. A karo na gaba ba ta ma amsa wa likitan ba, ta tsaya da hannu biyu dafe da abin kunnen, idonta a rufe, gurbinta ya wuce babu kowa a ciki. Kunne bai tambaye ta dalili ba. Ya mayar da hoton baya ya sake danna mata.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Masu shirin yara ne, lokacinsu ya yi, suna tsaye da takardunsu. Kunne ya leƙa ya ce su ɗan ba shi minti kaɗan, ya dawo ya zauna. Ya dube ta ta gilashi, hannunsa a kan maɓallin.

"Barkono, suna jira."

"Na sani," ta ce. "Sau ɗaya kawai. Daga farko."